Daga Birni zuwa Daula zuwa Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi kan Sauyawar Tsarin Mulki

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da masu bibiyar al'amuran duniya suke yawan kawowa a nan Katsina da Daura, musamman tun bayan juyin mulkin Nijar na 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya. Na amsa su gwargwadon abin da tarihi ya tabbatar. Inda ra'ayina ne kuma, na ce ra'ayina ne.

Malam, ashe ba tun fil azal duniya take rarrabe ƙasa-ƙasa ba?

Ko kusa. Ƙasashe 51 ne suka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945. Yau mambobinta 193, autarsu Sudan ta Kudu da ta shiga a 2011. Yawancin tutocin da kake gani a jere ba su kai shekara 100 ba. Abin da ɗan Adam ya fi daɗewa a ciki shi ne zaman dangi ƙarƙashin dattijo, da birni mai ganuwa da ke riƙe da ƙauyukan kewaye, da daula mai tattara al'ummu masu harsuna daban-daban a hannun sarki guda. Ƙasar Sin, duk da rarrabuwar da takan auka mata, ta zauna a tsarin daula daga shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa har 1912. Daular Usmaniyya ta Santambul ta haura shekara 600 kafin ta ƙare a 1922.

Tsarin da muke ciki, wato ƙasa mai iyaka a zane da gwamnati ɗaya wadda babu na sama da ita a cikin iyakar, a Turai ya girma. Akan danganta shi da sulhun Wesfaliya na 1648, wanda ya kashe wutar yaƙin shekara 30 a ƙasar Jamus, ko da yake sannu a hankali abin ya ginu. Shi kansa fasfo irin na yau, sai a 1920 aka daidaita siffarsa. Bakatsinen da aka haifa a 1890 ya buɗi ido yana talakan Sarkin Musulmi, ya biya haraji ƙarƙashin Sarkin Ingila, in ya yi tsawon rai ya rasu yana ɗan Nijeriya, alhali bai taɓa barin unguwarsu ba.

Wane irin mulki aka yi a Daura da Katsina kafin jihadi?

Labarin kaka ya ce mata ne suka yi ta mulkin Daura, Magajiya bayan Magajiya, har zuwa Daurama, wadda a zamaninta Bayajidda ya iso ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Masana tarihi ba sa ɗaukar labarin a matsayin rahoton abin da ya faru rana kaza, amma ba sa yar da shi. Ya adana tunawa da cewa an taɓa yin wani tsari kafin sarautar maza, ya kuma zama hujjar zumuncin Hausa Bakwai. Su Hausa Bakwai ɗin ba ƙasa ɗaya ba ce. Birane ne masu cin gashin kansu, harshe ɗaya, fatauci da auratayya a tsakani, yaƙi ma a tsakani. Katsina da Kano sun sha gwabzawa. A wancan zamani haka biranen Italiya irin su Benis da Milan suke zaune da juna.

A Katsina, tsohuwar cibiyar mulki da ake ambata tana wajen Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani. A ƙarni na 15 ne Muhammadu Korau ya kafa sarauta a birnin da muke ciki, shi ake lissafawa sarki Musulmi na farko. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa, ya yi dogon bincike kan yadda garuruwa masu shugabanninsu da wuraren tsafinsu suka haɗu ƙarƙashin birni guda har aka sami ƙasar Katsina. Abin da ya ɗaure su sarauta ce: sarki a sama, kewaye da masu muƙamai, wasu 'ya'yan sarauta, wasu bayin fada, wasu shugabannin sana'a kamar Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera. Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi su ke zaɓen sarki, kowannensu kuma da jama'arsa da dawakinsa, shi ya sa maganarsu take da nauyi. Ayari yana tashi daga nan zuwa Agadas har Tarabulus, malamai suna zuwa ta hanyar. Shehu Magili ya ratso ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 15, Imam Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha daga Alƙahira.

Ƙarfin sarki da yawan mutanensa ake auna shi, ba da faɗin ƙasa ba. Tsakanin masarauta da masarauta daji ne, babu layi. Garin da ya kawo gaisuwa da kuɗin ƙasa, ya ba da mayaƙa in an nema, shi ne naka. Sarkin da ya matsa wa talakawa sai su ɗaure kaya su yi gaba, wannan fargaba kuwa ta sha hana masu mulki wuce gona da iri. Kada dai mu yi wa zamanin ado fiye da kima. Zamani ne na bauta da harin kamun bayi, kuma wanda aka kama ba shi da damar ɗaure kayan nan.

To me jihadin Shehu ya canza?

Ya canza tushen da mulki ke tsayuwa a kai. Kafin 1804 sarki yana mulki ne don gidansu ke sarauta. Bayan jihadi sai aka koma tambayar wa ya ba ka tuta, kana kuma hukunci da Shari'a ko a'a. Malam Ummarun Dallaje ya kama Katsina wajen 1807, Malam Isyaku ya kama Daura, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Biranen da ke faɗa da juna suka koma masarautu kimanin 30 ƙarƙashin Sakkwato da Gwandu. Kowane sarki yana gudanar da ƙasarsa, amma naɗinsa sai da yardar Sarkin Musulmi, yana kuma aika gaisuwa duk shekara.

Tsohon tsari bai mutu ba. Sarautun Haɓe irin su Galadima da Ƙaura sun dawo cikin sabuwar fada. Gidan sarautar Katsina na da ya koma arewa ya kafa Maraɗi, na Daura ya zauna a Zango da Ɓaure, aka yi ta kai wa juna hari kusan ƙarnin duka.

A wannan zamani ne Amurka ta ɓalle daga Ingila a 1776, Faransa ta yi juyin juya hali a 1789, bayin Haiti suka kafa ƙasarsu a 1804, shekarar hijirar Shehu zuwa Gudu. Dalilansu daban ne da namu, hujjojinsu ma daban, amma duk sun taso wa sarautar da ta gaza kare kanta daga zargin zalunci.

Gaskiya ne a taron Balin aka raba Katsina da Maraɗi?

A'a, wannan kuskure ne da ya yaɗu. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 ƙa'idojin wawason Afirka ya shimfiɗa, bai ja layinmu ba. Ingila da Faransa ne suka ja shi tsakaninsu, suka yi ta gyara. A 1890 sun ce layin ya tashi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a tafkin Cadi. A 1898 suka zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ta faɗa cikin ƙasar da ba rijiyoyi, suka nemi a sassauta, aka sake shiri a 1904 da 1906, sannan aka bi ƙasa aka kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Ƙishirwar ayarin sojan Faransa ta fi ra'ayin duk mazauna wurin tasiri a kan inda layin ya bi. Rabuwar Katsina da Maraɗi dai Turawa sun tarar da ita. Abin da suka yi shi ne mayar da gabar da kan yi zafi ta yi sanyi ta zama iyaka ta dindindin, da harshen boko daban da kuɗi daban.

A cikin gida kuma, Gwamna Lugga ya shigo Katsina a 1903 ba tare da yaƙi ba. Cikin shekara uku Turawa suka tuɓe sarakuna biyu, Abubakar da Yero, suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko a 1906, wanda zuriyarsa ke kan gado har yau. A Daura suka maido gidan Haɓe ta hannun Malam Musa. Aka kafa En'e da baitulmali, aka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, haraji ya koma na tsabar kuɗi. A ganina babban abin da mulkin Turawa ya yi wa sarauta shi ne ya ƙara mata ƙarfi a kan talaka, ya rage mata ƙarfi a gaban Razdan. Sarkin da dā yake shakkar masu zaɓensa da ƙaurar jama'arsa ya koma shakkar Bature kaɗai.

Me ya sa daulolin Turawa suka watse da wuri haka?

Yaƙin duniya biyu ya tsotse su. Waɗanda suka fito da ƙarfi a 1945, Amurka da Tarayyar Sobiyet, ba su da ribar komai a tsohon tsarin. Indiya ta tafi a 1947, Gana a 1957, a 1960 kaɗai ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yanci, ciki har da Nijar ranar 3 ga Agusta da Nijeriya ranar 1 ga Oktoba. Makarantun da aka gina don samun malaman En'e su suka fitar da masu karɓar mulki. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk ɗaliban Kwalejin Katsina ne. A 1964 shugabannin Afirka suka amince a Alƙahira cewa a bar iyakokin yadda aka gaje su, don gudun yaƙin da ba ranar ƙarewa. Waɗanda suka ɓalle har duniya ta karɓe su, Eritiriya a 1993 da Sudan ta Kudu, sai da jini ya kwarara shekara da shekaru.

Dimokuraɗiyya ba kayan aro ba ce? Ta dace da mu kuwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zafi, ina kuma fahimtar inda take fitowa. Wanda ya yi layi a rana sau da yawa tun 1999, ya ga ana sayen ƙuri'a da taliya da sabulu, ya ga buhun masara ya fi ƙarfinsa, yana da haƙƙin ya tambaya.

Amma a sani, ko a wurin waɗanda ake cewa masu ita ne, sabuwa ce. Sai a 1928 matan Ingila suka yi daidai da maza a ƙuri'a, na Faransa a 1944, na Suwizalan a 1971. Baƙaƙen fatar kudancin Amurka sai da dokar 1965 suka sami jefa ƙuri'a ba tsangwama. Fotugal tana ƙarƙashin kama-karya har 1974, Sifen har mutuwar Janar Faranko a 1975. Matan Arewa sun fara zaɓe a ƙarshen shekarun 1970. Kowa koyo ya yi, da faɗuwa da tashi. Mu ma ba daga banza muka fara ba: muna da shawara a addini, muna da masu zaɓen sarki, muna da malaman da suka faɗa wa sarakuna gaskiya, muna da 'yan jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano da suka sha ɗauri da bulala tun 1950 don talaka ya sami bakin magana.

Jiharmu ta ga fuskokin abin duka. Muhammadu Buhari na Daura ya hau mulki da bindiga ranar 31 ga Disamba 1983, aka sauke shi da bindiga a Agusta 1985, ya dawo da ƙuri'a a 2015, karon farko da ɗan adawa ya kayar da shugaba mai ci a Nijeriya, ya kuma sauka a 2023 da wa'adinsa ya cika. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya fito fili ya ce zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin gyara. Ra'ayina shi ne, ƙuri'a ba ta yi alkawarin shugaba nagari ba. Abin da take bayarwa shi ne hanyar sauke mara kyau ba tare da an zubar da jini ba, wanda kuwa ya karanta yadda ake sauya sarki a ƙarni na 18 da na 19 ba zai raina wannan ba.

Sarakunanmu fa, meye matsayinsu yanzu?

A zamanin Gawon aka karɓe 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa En'en. Tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba, gwamna ke ba da sanda, shi ke karɓewa, kamar yadda aka gani a Kano a 2020 da 2024. Wasu ƙasashen sun fi mu tsanantawa: Gini ta soke sarauta a 1957, Habasha ta tuɓe Haile Selasiye a 1974, Yuganda ta rushe masarautunta a 1967, sai ga shi ta maido su a 1993.

Duk da haka, rikicin gona ko na gado ko na aure, wurin mai unguwa da dagaci ake fara kai shi. Rigakafin shan inna bai karɓu ba sai da hakimai da malamai suka sa baki. Hukuma ta karɓe ikonsu amma ba ta iya cike gurbinsu a ƙauye ba. Ina ganin barin su a haka, da nauyi a ka babu doka a hannu, cutarwa ce gare su da gare mu.

'Yan bindiga suna sa wa ƙauyuka haraji. Ƙasar ce ke rushewa?

Ba na son amsa wannan da sauƙin baki, domin mutanen Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari da Sabuwa da jikinsu suka san abin. A Disamba 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a dare ɗaya. Akwai garuruwan da manomi ba ya shiga gonarsa sai an biya, ba ya girbi sai an biya.

Ko wane irin suna mulki ya ɗauka, birni ko daula ko jamhuriya, ayyuka uku ke tabbatar da shi: karɓar haraji, yanke hukunci, da kare rai da dukiya. Duk inda wani ya karɓe waɗannan daga hannun hukuma, a wannan wuri ikon ya koma hannunsa, ko da taswira ba ta nuna ba. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi bayanin yadda dauloli ke tsufa: masu mulki su nutse cikin jin daɗi, haraji ya yi nauyi, zalunci ya kashe wa mutane zuciyar nema, sai mutanen daji masu haɗin kai su fara cin gefe. Daular Songai ta faɗi a hannun sojojin Maroko masu bindiga a 1591 bayan rikicin gadon sarauta ya raunana ta. A zamaninmu Somaliya ta wargaje a 1991, faɗuwar Gaddafi a 2011 kuma ta watsa makamai cikin Sahel.

Nijeriya ba ta kai nan ba. Ana biyan albashi, kotuna na zama, ana zaɓe. Abin da ke faruwa shi ne ikonta ya yi kauri a birni ya sirance a bakin dajin Rugu. Rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta kafa a 2023, da 'yan sa-kai, da sulhun da wasu ƙananan hukumomi suke ƙullawa, duk alamu ne na cewa aikin da tsarin mulki ya damƙa wa Abuja yana gangarowa ƙasa. Abin da nake tsoro shi ne yaron da ya tashi bai taɓa ganin hukuma ta kare ubansa ba, ya ga wanda ke daji shi ake biya.

Nan gaba ƙasashe za su narke cikin manyan ƙungiyoyi ne? Wa ma ke riƙe da duniyar yanzu?

Ana ja ta ɓangare biyu. Turawan da suka yanka juna sau biyu sun kafa Tarayyar Turai mai ƙasashe 27, yawancinsu da kuɗi ɗaya, amma Birtaniya ta fice a 2020. Mu mun kafa ECOWAS a 1975, ta ba mu shige da fice ba biza, sai ga Nijar da Mali da Burkina Faso sun bar ta a Janairu 2025 bayan sun kafa ƙawancensu na ƙasashen Sahel, wato AES. Daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 iyakar Jibiya da ta Kwangwalam suna rufe, 'yan kasuwa da masu zumunci suka ɗanɗana kuɗarsu. A makonnin farko, lokacin da sojojin Yamai suka ƙi ganin wakilan ECOWAS, waɗanda aka buɗe wa ƙofa su ne Muhammadu Sanusi na II tare da Sarkin Damagaram, sai kuma tawagar malamai. Alaƙar sarauta da ta malanta ta girmi iyakar, ranar nan ta yi aikin da diflomasiyya ta kasa.

A sama kuma, daga 1945 zuwa 1991 giwaye biyu ne, da Tarayyar Sobiyet ta tarwatse gida 15 sai ya rage Amurka. Yanzu Sin, wadda ta zama ta biyu a tattalin arziki a 2010, da Indiya da Rasha da Turkiyya da ƙasashen Larabawa masu mai, kowa yana neman rabonsa a Afirka. Kujerun dindindin na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa har yau biyar ɗin nan ne na 1945, babu ƙasar Afirka ko ɗaya. Ga kuma sababbin masu iko marasa tuta. A Yuni 2021 kamfanin Twitter ya goge saƙon shugaban Nijeriya, gwamnati ta rufe shi wata bakwai, matasa suka ci gaba da shiga ta bayan fage.

Ina zan je in ga wannan tarihi da idona?

A Katsina ka fara da hasumiyar Gobarau da Gidan Korau, ka bi ta Ƙofar 'Yanɗaka inda Lugga ya shigo, sannan gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina. Ganuwa kam gine-gine sun cinye mafi yawanta, abin takaici ne ƙwarai. A Daura akwai Kusugu da fada, in ka dace da Sallar Gani za ka ga jerin masu sarauta yadda tsarin yake. Ka je Durɓi ta Kusheyi, ka je Zango. Mai hali ya ƙetara Maraɗi, tafiyar kimanin kilomita 90 ce ta Jibiya, ya nemi dattawan fada su ba shi labarin 1807 yadda su suke ba da shi. A bincika lafiyar hanya kafin a tashi, a kuma riƙe katin shaida.